Safiyar da Ƙafafun Yaya Suka Ƙi Tashi

Mu biyu ne maza a wajen mahaifinmu, ni da yayana, sai mata uku da suka yi aure suka bar gida tun ina firamare. Baba shi ne mai unguwar ƙauyenmu, can gefen garin Turawa a ƙasar Karaye. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma babu abin da ya tsana a duniya kamar raggo. Idan aka kawo masa ƙarar ɓarawo yakan saurara har ƙarshe, wani lokaci ma ya nema masa sassauci a wajen dagaci. Amma idan aka ce masa wane ya ƙi fita gona, nan take fuskarsa take canzawa.

Yaya ya girme ni da shekara shida. Ni aka bari na yi boko har na zama malamin firamare a Rogo, shi kuwa tun yana saurayi ya kama sana'ar mazarƙwaila. Yana da rakensa a fadama, yana kuma sayen na mutane. Idan rake ya nuna, a bakin gona ake kafa injin matsa, a haƙa murhu, a ɗora manyan kasake, a yi ta dafa ruwan har ya yi kauri, sannan a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Aikin wuta ne tun daga hantsi har la'asar sakaliya. Yaya ƙaƙƙarfa ne. Damin raken da mutum biyu suke kamawa, shi kaɗai yake saɓawa a kafaɗa, yana tafe yana zolayar ma'aikatansa. Baba ba ya yabon mutum a gabansa, amma na sha jin yana gaya wa baƙi a zaure cewa babban ɗansa ba ya sanin gajiya.

A shekarar da matar Yaya ta haifi ɗansu na uku ya fara ramewa. Abin mamakin shi ne cinsa ƙaruwa ya yi. Yakan tashi da malmala huɗu ta tuwo, ya bi da fura, kuma duk yini bakinsa ba ya rabuwa da ɓallin mazarƙwaila. Zufa ba ta barinsa ko da sanyin safiya. Idan ya miƙo maka kofi, sai ka ga ruwan yana rawa. Ya kuma zama mai saurin fushi, abin da ba halinsa ba. Inna, mahaifiyarmu, ta ce wutar murhun nan ce take shanye shi, kowa ma haka ya ɗauka. Maganin da ta sani shi ne abinci, don haka ta ƙara masa. Kullum da yamma sai ta dama masa kunu mai yawan sukari ta aika sashensa, bayan tuwon da matarsa ta yi.

Ina gida hutun makaranta ranar da abin ya fara. Da sassafe muka ji matarsa tana kiran Inna da wata irin murya. Muka shiga muka tarar da shi kwance rigingine a kan katifa, idonsa biyu, hankalinsa garau.

Ya ce, "Inna, ƙafafuna sun ƙi."

Na kama ƙafarsa na ɗaga, na sake ta, ta faɗi kamar tsumma. Hannayensa suna motsi amma babu ƙarfi. Ba ya jin ciwo, sai nauyi a cinyoyi. Muka ɗauka shanyewar jiki ce irin wadda ke kama tsofaffi. Inna tana kuka, Baba ya zauna a gefensa yana yi masa tofi, ya aika a nemo mota. Kafin motar ta samu, wajen azahar, yatsun ƙafarsa suka fara motsi. Da la'asar ya dafa bango ya miƙe. Washegari ya koma bakin murhu kamar ba shi ba. Aka yi sadakar waina, aka gode wa Allah.

Bayan sati uku abin ya dawo. Ya sake dawowa, ya kuma sake. Kullum salon ɗaya ne: ya kwanta lafiya, ya wayi gari ba ƙafa, kafin rana ta faɗi ya tashi. Inna ta ce iska ce ya taka a fadama. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka kawo saiwoyi daga Kurugu. Ni kuma na matsa aka kai shi asibiti, ranar da yake lafiya lau, da ƙafarsa ya shiga. Aka ɗebi jini, aka duba, aka rubuta mana takarda aka ce ba a ga komai ba, ya rage aiki, ya riƙa cin abinci sosai.

Wannan takardar asibitin ita ce ta juya zuciyar Baba. Dama ya daɗe yana lura. Ya ga cewa ciwon ba ya zuwa sai washegarin ranar da aka yi aiki mai nauyi, wato daidai lokacin da ake bukatar Yaya ya ƙarasa abin da aka fara. Sau biyu ruwan rake yana tsami a duro saboda mai dafawa yana kwance. Sau ɗaya kuma hakimi ya kira taron masu unguwanni, Baba ya yi niyyar tafiya da Yaya don manya su fara saninsa, ranar ma bai tashi ba, amma da yamma aka gan shi a dandali yana sayen goro.

Wata safiya Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin Yaya, ni ina bayansa.

Ya ce, "Tashi."

"Baba, wallahi ba zan iya ba."

"Kada ka rantse mini."

Ya shiga, ya sunkuya, ya sa farce ya mintsini tafin ƙafarsa da ƙarfi. Yaya ya yamutsa fuska ya ce wash.

Baba ya miƙe ya dube ni. "Ka gani? Ƙafar da ta mutu tana jin mintsini? Likita ya ce lafiyarsa ƙalau. Gurgun gaskiya ba ya tashi da la'asar ya tafi dandali." Sannan ya juya ga Yaya. "Idan sana'ar ce ta ishe ka, ka faɗa. Ban haifi maƙaryaci ba."

Ya fita. Yaya ya juya fuskarsa bango, da yake wuyansa dai yana juyawa.

Dole in faɗi gaskiya a kan kaina. Na bi bayan Baba. Ina ganin ni ne mai ilimin gidan, na ga takardar likita da idona, sai na riƙa gaya wa Inna cewa ciwon Yaya a kansa yake, ya gaji da wahala ne ya rasa yadda zai faɗa. Har wani ɗan murmushi nake yi idan na zo daga Rogo aka ce mini yau ma yana kwance. Daga wannan ranar Baba ya daina cin abinci da shi a zaure. Yaya yakan zo gaisuwa da safe, a ranakun da ya iya zuwa, ya durƙusa, Baba ya amsa a taƙaice yana kallon wani wajen. Haka suka yi kusan shekara.

Da damina ta yi nisa Baba ya kwanta. Kwana huɗu kawai ya yi. A rana ta uku jikinsa ya tsananta, ga shi ruwa ya cinye hanyar ƙauyenmu, mota ba ta shigowa. Yaya ne ya goya shi a baya tun daga gida har bakin titi, cikin taɓo, tafiyar da mai lafiya ma sai ya huta sau biyu. Ina biye da su riƙe da takalman Baba da buta. Muka kai shi Karaye, aka duba shi, aka ba da magani, Baba ya ce shi a mayar da shi ɗakinsa. Yaya ya sake goya shi daga titi zuwa gida. Duk tafiyar nan ban ji sun yi magana ba, sai sau ɗaya da Baba ya ce, "Sauke ni ka huta," Yaya ya ce, "Mun kusa." Yinin ranar Yaya bai sa komai a bakinsa ba. Da magariba Inna ta tausaya masa, ta cika masa kwano da tuwo, ta haɗa da kunun nan nasa, ya cinye tas.

Baba ya cika bayan sallar asuba, Inna tana riƙe da hannunsa.

Na tafi sashen Yaya in gaya masa. Tun daga ƙofa na ga matarsa tsaye ta rufe baki da gyale, na san abin da zan tarar. Ya riga ya ji kukan mata. Yana kwance, hawaye yana gangara masa cikin kunnuwa, yana ta ƙoƙarin dafa katifa da gwiwar hannu.

Na ce, "Yau ma? Yau ma, Yaya?"

Ya ce, "Ka taimake ni. Ka samo baro ka tura ni. Ko a zaune ne in yi masa salla."

Ban san daga inda maganar ta fito ba. Na ce, "Gawa ɗaya za mu ɗauka yau, ba biyu ba." Na juya na fita.

Ƙofar gida ta cika. Dagaci ya zo da jama'arsa, mutane sun zo daga Turawa da Kafin Dafga duk da taɓon hanya. Da aka fito da makara liman ya waiga ya ce ina babban ɗan mamacin. Na ce ba ya jin daɗi. Na ga yadda mutane suka kalli juna. Aka yi salla, muka ɗauka, ni da ƙanin Baba muka shiga kabari muka karɓe shi. Daga baya matar Yaya ta gaya mini cewa da jan ciki ya fito daga ɗaki, ya kai tsakar gida, a nan ya ji kabbarar liman ta bayan katanga, yana bi a hankali, fuskarsa a ƙasa.

Da la'asar ƙafafun suka dawo. Bai zauna wajen karɓar gaisuwa ba. Ya ratsa ta gaban masu zaman makoki, da ƙafarsa, kowa yana kallo, ya nufi maƙabarta shi kaɗai. Bai dawo ba sai da aka kira magariba. Abin da garin ya gani ke nan: ɗan da bai bi makarar ubansa da safe ba, ga shi yana tafiya da yamma. Ba wanda ya faɗa masa a fuska, amma maganar ta zaga. Da aka zo naɗa sabon mai unguwa ba a ko ambaci Yaya ba, ƙanin Baba aka ba.

Bayan wata biyar, lokacin aikin rake, aka kira ni a waya ina cikin aji. Wannan karon abin ya wuce na kullum. Hannayen ma sun mutu, numfashinsa yana sama-sama, ƙirjinsa yana bugawa kamar zai fashe. Wani mai shagon magani da aka kira ya ɗaura masa ƙarin ruwa mai sukari don ya samu ƙarfi, sai jikin ya ƙara lalacewa. Na hau babur daga Rogo, muka sa shi a mota, muka nufi birni. Karo na farko ke nan da wani likita ya gan shi ciwon yana kansa.

Wadda ta karɓe mu wata matashiyar likita ce, Bakanuwa, mai sanyin murya. Ta riƙe wuyan hannunsa ta daɗe tana ƙirga bugun jini. Ta taɓa gaban wuyansa ta ce ya haɗiyi yawu. Ta tambayi matarsa abin da ya ci jiya da irin aikin da ya yi, da lokacin da abin ya saba zuwa. Tana jin amsar tana gyaɗa kai kamar wadda ta san labarin. Ta sa aka cire ruwan da muka zo da shi, aka ɗebi jini da gaggawa. Wani babban likita da ya zo wucewa ya saurari bayaninta ya ce, "Anya? Wannan ai cutar mutanen Asiya ce." Ta ce, "Ranka ya daɗe, a jira sakamakon." Da sakamakon ya fito, shi da kansa ya dawo ya tsaya a bakin gadon. Aka sa wa Yaya wani ruwan dabam, a hankali, ana duba zuciyarsa a na'ura. Kafin yamma ya ɗaga gwiwa.

Washegari ta zaunar da ni da matarsa a bakin gadon, Yaya yana ji. Ta ce akwai wata ƙaramar gaɓa a gaban wuya, wadda idan ta kumbura muke kira maƙoƙo. Tasa ba ta kumbura sosai ba, shi ya sa ba wanda ya lura, amma tana aiki fiye da ƙima. Ita ce ta kawo ramar da zufar da rawar hannun. Sannan akwai wani gishiri a cikin jini, fotashiyam, wanda sai da shi tsokar jiki take motsi. Mai irin wannan ciwon, idan ya yi aikin ƙarfi ya huta, ko ya ci tuwo da zaƙi da yawa, sai gishirin ya gudu daga jini ya shige cikin tsoka, ƙafafu su mutu. Bayan wasu sa'o'i ya komo da kansa, mutum ya tashi. Idan aka auna jinin ranar da yake lafiya, ba za a ga komai ba.

Na ce, "To me ya sa ba a san shi ba?"

Ta ce a ƙasar Sin ta yi karatu, a can ta sha ganinsa. A wajensu, da Japan da Filifin da maƙwabtansu, idan saurayi ya zo da safe ƙafa ba ta motsi, wuyansa ake fara dubawa. Ciwon maƙoƙo mata ya fi kamawa, amma wannan shanyewar kusan duk maza take samu. A cikin fararen fata na Turai da mu baƙar fata kuwa, littattafai sun ce ba kasafai ake samu ba, kuma har yau ba a gama sanin dalilin bambancin ba, ana dai zaton akwai gado a ciki. Ta ce, "Tun da an koya mana cewa ba tamu ba ce, ba ma nemanta. Ni ma da a nan na yi karatu, wataƙila da ban kawo ta a raina ba."

Akwai tambayar da take cina, na kasa riƙe ta. Na ce, "Likita, mutum zai iya yin haka da gangan?"

Ta dube ni sosai. Ta ce, "Malam, ba wanda yake iya rage gishirin jininsa da gangan. Jiya saura kaɗan zuciyarsa ta tsaya."

"Amma yana jin mintsini."

"Zai ji mana. Ciwon ba ya taɓa ji, ƙarfi yake ɗaukewa."

Na kasa kallon gadon. Sai na ji muryar Yaya, a hankali, yana cewa, "Likita, don Allah ki rubuta mini wannan a takarda. Ki sa hannu."

Ta rubuta masa. Da muka koma gida ya sa aka kira ƙanin Baba da liman da wasu dattawa biyu, Inna tana zaune daga bakin ƙofar cikin gida. Ya miƙo mini takardar ya ce in karanta in fassara. Na karanta, na fassara. Dattawan suka yi ta salati, ƙanin Baba ya ce Allah Ya yafe mana zato. Da na zo wajen tuwo da zaƙi, Inna ta ɗora hannu a ka ta ce, "Ni ce nake ba shi. Da hannuna nake dama masa." Yaya ya rarrafa wajenta yana ba ta haƙuri, yana cewa ba wanda ya sani. Har ta rasu bayan shekara biyu ba ta daina maimaita wannan maganar ba.

Da mutane suka watse na durƙusa a gabansa a zauren. Na ce, "Yaya, ka yafe mini abin da na faɗa ranar jana'iza."

Ya ce, "Na yafe," da sauri, kamar wanda ba ya son a tsaya a wajen. Ya ninke takardar ya sa a aljihu ya shiga gida.

Ya sha magani yadda aka ce, yana komawa birni ana auna shi. Jikinsa ya murmure, rawar hannun ta tafi, ƙafafun ba su sake ƙi ba ko sau ɗaya. Abin da ya ci mana shekaru, ƙwayoyi ƙanana ne suka kashe shi. Amma bai koma bakin murhu ba. Ya sayar da injin, ya ba da fadamar haya, bayan rasuwar Inna ya kwashe iyalinsa ya koma cikin garin Karaye, ya kama rumfar hatsi a kasuwa. Zolayar nan tasa ba ta dawo ba. Mutanen unguwarsu sun san shi da abu ɗaya: duk inda aka yi rasuwa, ko bai san mamacin ba, yana sahun gaba, kuma idan ya sa kafaɗa a makara da ƙyar yake bari a karɓe shi.

Yanzu dukanmu mun yi furfura. Nakan biya ta rumfarsa idan na zo daga Rogo ranar kasuwa. Yana karɓata da kyau, ya sa a kawo mini ruwa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ba ya bari in tafi sai ya ɗaura mini wake ko gero a bayan babur. Ba mu taɓa yin faɗa ba. Bara, da na ga rumfar ba kowa, na sake ɗauko maganar. Na ce har yau abin yana damuna, ina ganin kamar bai huce ba.

Ya daɗe yana gyara bakin buhun masara. Sannan ya ce, "Ni ba na riƙe da kai. Kai ai ka ji bayanin likita. Baba ne bai ji ba."

Wata mata ta tsaya tana tambayar kuɗin kwanon dawa, ya tashi ya auna mata. Na zauna har ya sallame ta, muka yi maganar ruwan bana da tsadar taki, da aka kira la'asar muka tafi masallaci tare, daga nan na kama hanyar Rogo.